Albasar Arzika Ta Tafi Kumasi

Wani mutum ne a Tungar Maikada ana ce masa Arzika Lasifika. Ba sayar da lasifika yake yi ba, shi ne lasifikar. In ya ja ka gefe a ƙofar masallaci ya yi maka raɗa, matan da ke wanki a bakin gulbi su za su tare ka su ce, "To, yaya kuka ƙare?" Ga cika baki kamar ana biyansa. Ba ƙasar da za ka ambata bai je ba, ba babban mutumin da bai taɓa cin tuwo da shi ba. Ni dai tun da na san Arzika ban taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ko ba ka tambaye shi ba, ya sani.

Tungar Maikada garin albasa ne. Da ita ake aure, da ita ake suna, da ita ake zuwa Makka. Kuma tun zamanin iyaye garin yana cikin Ƙungiyar Bakin Gulbi, wato haɗin garuruwan albasa da ke jere a gefen ruwa. Babbar mota ɗaya gare su, da rumfa a kasuwar Mararraba. Ɗan ƙungiya ba ya biyan kuɗin ƙofa. Man injin ban-ruwa a dunƙule ake sayo shi da sauƙi. Lokacin dashe a yi gayya, yau a wannan gari, gobe a wancan. Har hular buhu ƙungiya ce ke rabawa. Kun dai san buhun albasa: a cika shi ya yi tozo, sannan a kawo takardar siminti a rufe bakin a ɗinke. To, wannan murfin shi ne hula.

Ana zaune lafiya sai Arzika ya ce shi yake so ya shugabanci ƙungiya. Aka zo zaɓe, irin na bin layi. A bayan Alhaji Anaruwa na Gidan Dikko layi ya miƙe har ya sha kwana. Arzika ya waiga nasa bayan, ya ga inuwarsa da wani tsoho da ya ɗauka layin rabon taki ne.

Tun daga ranar ƙungiya ta zama abar banza.

"Cutarmu ake yi," in ji shi, a shago, a masallaci, a wurin zaman makoki. "Albasarmu ta fi ta kowa girma, amma in an zo lodi a ƙasa ake jibge ta, ta Gidan Dikko tana sama tana shan iska. Mu fita kawai. Kumasi na nemanmu, Abijan na nemanmu, mun tsaya muna goga kafaɗa da ƙauyawa."

Shi mai faɗin ƙauyawan, a bayan rumbu aka yanke masa cibiya.

Ya tafi birni ya sa aka buga masa hotonsa a jikin wani ƙaton ƙyalle, wanda in an shimfiɗa shi zai rufe tsakar gida. Fuska ce zalla. Aka ɗaure shi daga rimin bakin gari zuwa kukar da ke kallonsa. Ido ɗaya ya fi faifai, hanci kamar turmi, baki a wage, haƙorin Makka na walƙiya. Har kunnensa na hagu, wanda jaki ya gutsire tun yana ƙarami, ya fito ɓaro-ɓaro. Ya so mai hoto ya cike masa giɓin, mai hoto ya ce sai an yi ƙari, Arzika ya ce a bar shi haka. Don shi bakinsa ne kaɗai mai kyauta. Hannunsa a dunƙule aka haife shi, kuma har yau bai buɗe ba.

Mutum ɗaya ne ya tsaya kai da fata ya ce kada a fita, wato Malam Hantsi, taubashinsa. Uwar Arzika ƙanwar uban Hantsi ce, saboda haka a al'ada Hantsi na da damar ya kira shi bawansa, ya kuma gaya masa duk abin da ya zo bakinsa. Bai taɓa barin damar nan ta kwana ba.

"Bawana," in ji shi, "kai da ko Mararraba sai ka tambayi hanya, kai ne za ka kai mu Kumasi?"

Aka yi dariya. Amma da aka zo ɗaga hannu, Arzika ya yi rinjaye. Mutane suna son a ce musu sun fi maƙwabtansu, ba sa ma tambayar da me. Aka fita, aka kafa Ƙungiyar Maikada Zalla, aka naɗa Arzika shugaba, aka yi kiɗa.

Kiɗa ya ƙare, kasuwa ta ci.

Mutanen Maikada suka doshi ƙofar Mararraba yadda suka saba, mai karɓar kuɗi ya gitta musu sanda. "Baƙi a nan suke biya." Suka biya. Rumfa babu, suka baje a rana. Motar ƙungiya ta riƙa wucewa ta bakin gari, ɗiii, Ɗanjumma direba ya ɗaga musu hannu ya ƙara wuta. Mai ya yi tsada. Lokacin dashe ba wanda ya leƙo gayya, tsofaffi suka sunkuya har bayansu ya ƙi miƙewa.

Arzika ko a jikinsa.

"Ai nasarar ke nan," in ji shi. "Da kyauta ake shigar da ku kasuwa kamar awaki. Yanzu biya kuke yi kamar manyan mutane."

Sai ya shiga ƙulla yarjejeniya. Kalmar ta yi masa daɗi a baki, ko ruwa zai sha a gidan mutum sai ya ce an yi yarjejeniya. Ya ƙulla da Tungar Sanyi, garin da in ka yi atishawa a kan babur ka wuce shi, wanda kwanon albasa guda ke isar su har shekara ta zagayo. Ya ƙulla da wata mai tuwo a tasha.

"Wannan ai tun muna ƙungiya take saye a hannunmu," in ji Hantsi.

"Da saye take yi kawai. Yanzu da yarjejeniya take saye. Ba za ka gane ba."

Amma babbar ita ce ta Kumasi. Wai akwai wani attajiri a can, Alhaji Kwabena, mai tireloli ba iyaka, wanda abinci ba ya wuce masa maƙogwaro in ba da albasar Maikada aka yi ba. Kullum bayan la'asar Arzika zai hau kan surin da ke bayan makaranta, wai nan ne sabis ke kamawa, ya kara waya a ragowar kunnen nan, ya buɗe murya da gaisuwar mutanen Kumasi. "Akwaba, Alhaji, akwaba. A'a, ka yi haƙuri, ba za mu ba ka duka ba. Abijan ma na jira."

Manoma suka kai masa kason farko. Ya ce a zube masa a sito a tafi, shi zai yi buhu da kansa, don ƙasar waje tana da ƙa'idarta. A makon ne kuma aka wayi gari ba hoto a bakin gari. Aka tambaye shi. Ya karkata hula.

"Mutanen Kumasi ne suka roƙa. Yanzu haka yana rataye a ƙofar kasuwarsu. Har cunkoso ake yi wajen kallo."

To, bari in gaya muku abin da ya faru a sito. Arzika ya cika buhuna, ya zo yi musu hula, sai ya tuna takardar siminti ƙungiya ce ke bayarwa. Yanzu sai an saya. Saye kuwa shi ne abin da ke sa masa zazzaɓi. Ya tuna ƙyallen nan yana can rana na cinye shi a banza. Ya sauke shi, ya sa almakashi, ƙyat, ƙyat, ƙyat. Ya ce a ransa, wa zai ga guntun kumatu a kan buhu ya ce na wane ne? Ya so ma ya kifa hoton ta ciki, zuciyarsa ta ƙi. Fuskar shugaba guda a manne da albasa? Ya bar ta tana kallon waje, ya ɗinke.

Ya ɗauki hayar a-kori-kura, ya lulluɓe kaya, ya ce zai kai bakin kwalta inda tirelar Kumasi ke jira. Kumasin kuwa ba ta wuce bayan kasuwar Mararraba ba. Can ya lallaɓa ya sami dillalin ƙungiyar da ya fita daga cikinta. Ya rage murya, karo na farko a rayuwarsa, ya ce a taimaka a saya, kada dai a faɗi sunansa. Dillali ya ga baƙo a matse, ya yi masa tayin wulaƙanci. Arzika ya sallama. Aka jibge buhunan a rumfar ƙungiya ana jiran ranar lodi. Shi kuma ya ɓuya 'yan kwanaki a gidan wani surukinsa, ya sayi goro a nan kasuwar, ya dawo gari yana ɗingishin gajiya.

"Kumasi ta gaishe ku."

Ya raba goro. Abin da ya miƙa wa manoma kuwa bai taka kara ya karya ba. Ya ce canjin kuɗin ƙasar waje ne, a yi haƙuri, ribar irin wannan yarjejeniya jikoki ne ke ganinta. Bai ko ji kunya ba ya ƙara da cewa a kwaso masa sauran duka, Alhaji Kwabena na jira.

Nan mutane suka yi turus. Sauran ita ce wadda aka adana a rudu, rumfar karan da ake shanya albasa a ciki ta jira farashi. Ita ce abincin shekara, ita ce kuɗin magani, ita ce komai. Ga damina ta matso, in ruwa ya sauka ta ruɓe. Dole a zaɓi ɗaya: ko a damƙa wa Arzika, ko a haɗiye girman kai a koma ƙungiya. Maigari ya kira taro a gindin rimi da safe, ya kuma aika wa Alhaji Anaruwa ya zo ya faɗi nasa.

Gari ya hallara, maza a gaba, mata a gefe. Maigari ya ba Malam Hantsi magana.

"Ranka ya daɗe, ni ba ni da dogon zance. Da muna ƙungiya, ina da riga biyu da babur. Da muka sami 'yanci, ina da riga biyu."

"Babur ɗin ai ka sayar ne don ka sa jari," in ji Arzika.

"Na sayar na sayi mai."

"To, man ba jari ba ne?"

"Bawana, wai ina ribar?"

"Tana hanya."

"Wace hanya?"

"Hanyar Kumasi. Ka san da nisa."

Ana cikin haka sai ga ƙarar babbar mota, dirim, dirim. Motar ƙungiya ce, an cika ta maƙil, an lulluɓe da tamfol saboda hadarin da ke yawan haɗowa a kwanakin. Ɗanjumma ya ja ya tsaya a gefen taro, daidai bayan Arzika. Alhaji Anaruwa ya sauko yana kakkaɓe riga. Ya gaida Maigari ya ce a yi masa haƙuri, tasa motar ta lalace, shi ya sa ya biyo motar kaya. Kudu za ta wuce, ba su da lokaci. In Arzika ya gama, zai faɗi kalma biyu su kama hanya.

Arzika ya dubi motar. Ya san daga rumfar da aka yi lodin nan. Ya saci kallon tamfol, ya ga a ɗaure tam. Sai dabara ta faɗo masa. Ai cewa aka yi in ya gama. To, ba zai gama ba. Zai yi ta magana har Alhaji ya gaji ya hau mota ya tafi da kayansa.

Ya gyara tsayuwa, ya soma. Ya ɗauko tarihin albasa tun daga kakan kakansa. Ya bi hanyar Kumasi gari-gari, har da wuraren da ya sha shayi. Ya shiga gidan Alhaji Kwabena ɗaki-ɗaki. Ya ce da aka yanka albasar Maikada a gaban sarkin kasuwar Kumasi, sai da mutumin ya zubar da hawaye.

"Albasa ce, bawana," in ji Hantsi. "Kowa ma hawaye yake yi."

Arzika ya yi kamar bai ji ba. Inuwar rimi ta tsuke, rana ta take tsaka. Tsofaffi suka fara gyangyaɗi, jarirai suka yi kuka suka gaji. Shi ko yanzu ma ya ɗauko zancen Abijan.

Abin da ya manta, shi da aka haifa a cikin albasa, shi ne albasa ba ta zama a ƙarƙashin tamfol in mota na tsaye a rana. Tana tafiya iska na ratsa ta. Ta tsaya, ta fara dahuwa. Ɗanjumma ya zura hannu ta gefe, ya ji zafi, ya matso kusa da Alhaji Anaruwa.

"Alhaji, kaya fa na gumi."

"Yaye musu su sha iska. Mutumin nan ba yau zai gama ba."

Ɗanjumma ya hau, ya kwance igiya, ya ja tamfol, fuuu.

Arzika ya ba motar baya, bai ga komai ba. Ya ɗaga yatsa sama. "Ina mai tabbatar muku, a daidai wannan lokaci da nake magana, albasarku tana Kumasi. Hotona yana ƙofar kasuwa yana kallonta."

Ba wanda ke kallonsa, duk bayansa ake kallo. Buhuna ne a kwance jere-jere, bakunansu na waje, kuma daga can sama wani ƙaton ido ya zuro wa taro.

Wata tsohuwa, Inna Yarbuga, ta gyara mayafi ta ce, "Maigari, motar nan fa kallona take yi."

Malam Hantsi ya tashi a hankali, ya karkaɗe mazaunin wando, ya taka har gindin mota. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya sa sandarsa ya taɓa wani buhu.

"Wannan kunnen na san shi. Ina wurin jaki ya ɗauki rabonsa."

Sannan Arzika ya waiga.

"Kama ce," in ji shi. "Mutane da yawa jaki ya cije su."

"Ga hancin can ma," in ji wani daga baya.

"Ga gira."

"To... ai wannan shi ne cinikin ƙasa da ƙasa. Ta je Kumasi, su kuma suka sake fitar da ita. Haka ake yi."

"Ta je ta dawo har ta riga ka hutawa?" in ji Hantsi.

"Tirelarsu na da gudu."

Maigari ya juya wurin baƙonsa. "Alhaji, ina kuka samo kayan nan?"

Alhaji Anaruwa mutum ne mai sanyin magana, irin waɗanda ba sa ɗaga murya don sun san ba sa bukata. "Ranka ya daɗe, dillalinmu ya ce wani bawan Allah ne ya kawo ta bayan kasuwa. Ya sayar da araha ƙwarai. Ya roƙa kada a faɗi sunansa, kuma mu ba mu faɗa ba."

"Ba ku faɗa ba, Alhaji," in ji Hantsi. "Da kansa ya biyo ku."

Maigari ya ce a sauke duk buhun da ke da irin wannan hula, a tsayar da su a fili. Samari suka hau mota. Wallahi ban taɓa ganin aikin gayya da aka yi da daɗin rai irin wannan ba. "Miƙo goshin nan." "A'a, wannan kumatun dama ne, kai shi can." "Wa ke riƙe da haɓa?" Ana mirginawa, ana juyawa, ana gwadawa. Matan da suka yi shekara suna jin haushi suka matso suna ba da shawara. Kafin a jima ga fuskar shugaban Maikada Zalla a shimfiɗe a gindin rimi, a kan albasar mutane, tana kallon sama. Shi kuma mai fuskar yana tsaye a gefe yana kallon ƙasa.

Dariya ake yi, amma akwai masu share ido, kuma ba albasa ce ta sa su ba. Guminsu ne aka kai ta bayan kasuwa aka sayar wa mutanen da aka ce musu su raina.

Maigari bai ko nemi a ɗaga hannu ba. Ya ce daga yau ba Maikada Zalla, ba shugabanta. Sannan ya rage murya ya ce, "Alhaji, in an dawo lodi na gaba, ko za a sami wuri a mota a sa mana tamu?"

"Akwai wuri, ranka ya daɗe," in ji Alhaji Anaruwa. "A ƙasa."

Maigari ya gyaɗa kai.

Sai Inna Yarbuga, wadda ke ta zagaya buhunan tana leƙe, ta ce, "Ni fa ban ga baki ba."

Aka duba, gaskiyarta. Ga hanci, ga haɓa, tsakaninsu fili. Ɗanjumma ya sake hawa mota, ya bi buhu-buhu, ya leƙa ƙarƙashin tamfol, ya leƙa har gidan direba. Ya sauko ya ce iyakar abin da aka loda masa ke nan. Aka juya ga Arzika a ji ta bakinsa. Ya buɗe, ya rufe, ko tari bai fito ba.

Malam Hantsi ya dafa kafaɗarsa.

"Jama'a, ku daina nema, kuma ku daina cewa bawana ƙarya ya yi duka. Albasa tana nan, ido yana nan, kunne yana nan. Bakin ne kaɗai ya je Kumasi."